SAKAKKEN MAKAMASHI DA ASALIN TAFARKUNAN SINADARAN RAYUWA

1.0 GABATARWA

Tukunyar ruwan da aka sauke daga wuta hucewa take yi, ba a taɓa ganin ta sake ɗaukar zafi da kanta ba. Haka itacen da ya ƙone ya zama toka da hayaƙi ba ya komawa itace. Al'amuran abubuwa marasa rai alƙibla ɗaya suke fuskanta, wato daga tattaruwa zuwa warwatsuwa. To, amma ga ƙwayar gero, a binne ta a ƙasa, cikin wata uku ta tattaro iska da ruwa da gishirin ƙasa ta gina kara da zangarniya. Wannan ne ya sa tun ƙarni na 19 ake tambaya, shin mai rai karya dokar da ta ɗaure marar rai yake yi?

Amsar da masana kimiyya suka tsaya a kanta ita ce, ba ya karya ta. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa dokar nan ita ce ma ta shata wa rayuwa hanyoyin da ta bi. Za a fara da bayanin ma'aunin da ake kira sakakken makamashi, sannan a duba yadda ƙwayar halitta take aiki da shi, daga ƙarshe a yi nazarin abin da ya bayyana game da asalin tafarkunan sinadaran rayuwa. Abin nufi da tafarki a nan shi ne jerin sauye-sauyen sinadarai a cikin ƙwayar halitta, inda abin da sauyi na farko ya haifar shi ne kayan aikin na biyu, haka dai har zuwa ƙarshe.

2.0 MA'ANAR SAKAKKEN MAKAMASHI

Makamashi shi ne ikon gudanar da aiki, kuma dokoki biyu ne suke tafiyar da shi. Ta farko ta ce ba a ƙago shi kuma ba a halaka shi, sai dai ya sauya kama. Ta biyu ta ce a duk sauyin da ya auku da kansa, jimlar warwatsuwa a duniya ƙaruwa take yi. Rudolf Clausius, mutumin Jamus, shi ya raɗa wa ma'aunin warwatsuwar nan suna entirofi a shekarar 1865.

Sai dai doka ta biyu tana da wuyar aiki a hannun mai bincike, domin tana maganar duniya ne gaba ɗaya, alhali shi abin da ke cikin kwalbarsa kaɗai yake iya aunawa. Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale ta Amurka ne ya warware wannan ƙulli a wani dogon aiki da ya wallafa tsakanin 1875 da 1878. Ya samar da ma'auni guda wanda ke duban abin da ke cikin kwalba kawai, muddin zafi da matsin iska ba sa canjawa, kamar yadda abin yake a jikin mai rai. Hermann von Helmholtz, shi ma na Jamus, shi ya fara amfani da lafazin sakakken makamashi a 1882. Ana rubuta ma'aunin Gibbs kamar haka:

ΔG = ΔH − TΔS

Alamar Δ tana nufin bambanci tsakanin farkon sauyi da ƙarshensa. H shi ne zafin da ke ƙunshe cikin sinadarai, T shi ne matakin zafin wurin, S kuwa entirofi. G shi ne sakakken makamashi, wato kason da za a iya sa shi aiki bayan an cire wanda tilas ya tafi ga warwatsuwa. Idan ΔG ya yi ƙasa da sifiri, sauyi zai iya faruwa da kansa, gangara ce ke nan. Idan ya ɗara sifiri, tudu ne, ba zai faru ba sai an biya daga waje. Idan kuwa sifiri ne cif, an kai ga daidaito, babu sauran aikin da za a samu.

Madatsar ruwa ta Kainji za ta ƙara fito da wannan fili. Abin da ke juya injinan lantarki shi ne tazarar da ke tsakanin ruwan sama da na ƙasa. Da za a wayi gari ɓangarorin biyu sun yi daidai, to ko ƙwan fitila ɗaya ba zai kama ba, duk kuwa da yawan ruwan. Haka ƙwayar halitta take: ranar da sinadaranta suka kai ga daidaito, ranar ta mutu.

Ana auna ΔG da kilojul a kan kowane mol, shi kuwa mol mudu ne na masana sinadarai, wanda a sukarin gulukos yake daidai da giram 180. Idan aka ƙone mol ɗaya na gulukos da iskar oksijin har ya zama ruwa da iskar kabon-dayoksaid, ana samun ΔG na kimanin −2,870. Ya kamata a lura cewa irin wannan adadi na ma'aunin littafi ne, wanda aka ɗauka a wani ƙayyadadden yanayi. ΔG na haƙiƙa ya dogara ga yawan kayan aiki da yawan abin da aka haifar. Idan kayan aiki suka taru, ko aka riƙa kwashe abin da aka haifar nan take, sai ƙaramin tudu ya rikiɗe ya zama gangara.

2.1 Alƙibla Daban, Sauri Daban

Kasancewar sauyi gangara ba ya nufin zai faru da wuri. Sukari yakan shekara a cikin gwangwani, ga oksijin kewaye da shi, bai ƙone ba. Dalili kuwa shi ne akwai shinge a bakin gangarar, wanda sai an tsallake shi tafiya za ta fara. Ashana da zafi take tsallakar da itace wannan shinge. Ƙwayar halitta kuwa da wasu furotin take amfani, waɗanda ake kira enzayim. A shekarar 1897 Eduard Buchner ya nuna cewa ruwan da aka matse daga yisti, ba tare da ƙwaya mai rai ko ɗaya ba, yana iya ruɓar da sukari, alamar cewa aikin na sinadarai ne.

Aikin enzayim shi ne rage tsawon shinge. Ba ya ƙara wa gangara zurfi, ba ya kuma mayar da tudu gangara. Wannan batu shi ne ginshiƙin maƙalar nan. Enzayim daga ƙwayoyin gado ake gina shi, su kuwa ƙwayoyin gado suna sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, saboda haka enzayim na iya sauyawa. Amma ΔG ba a gadonsa, ba ya kuma sauyawa da sauyawar zuriya. Ke nan abin da masana ke kira juyin halitta ba shi da ikon sake fasalin ƙasar, iyakarsa ya fitar da turba a kanta.

3.0 YADDA ƘWAYAR HALITTA TAKE HAWA TUDU

Gina furotin da motsa tsoka da tattara gishiri a cikin ƙwaya duk tudu ne. Ƙwayar halitta tana hawansu ne ta hanyar ɗaure sauyin da ke tudu da wani mai gangara wanda ya fi shi girma, a kan enzayim guda, ta yadda jimlarsu za ta zama gangara. Sinadarin da aka fi biyan wannan bashi da shi shi ne ATP, wanda Karl Lohmann ya gano a 1929, Fritz Lipmann kuma ya bayyana matsayinsa a 1941. ATP yana ɗauke da fosfet uku a jere. Idan aka ɓalle na ƙarshe, ana samun −30.5 a ma'aunin littafi, a cikin ƙwaya mai rai kuwa kimanin −50.

Alal misali, liƙa fosfet a jikin gulukos tudu ne na +13.8. Amma idan daga jikin ATP aka ɗauko fosfet ɗin, sai jimla ta zama −16.7, aiki ya tafi. Za a iya ɗaukar gulukos a matsayin babbar takardar kuɗi wadda ba ta sayen gishiri ko daddawa sai an yi canjinta, ATP kuwa shi ne canjin. Wuta takan saki makamashin sukari duka a lokaci guda ya tafi a zafi. Ƙwayar halitta kuwa takan sauko da shi mataki-mataki, tana tsintar ATP a hanya, har ta tara kimanin 30 daga gulukos guda. Wannan ya kai kusan rabin makamashin, sauran rabin kuma shi ne ɗumin jiki. An ƙiyasta cewa ATP ɗin da baligi yake ginawa yana kashewa a yini ɗaya ya kai kusan nauyin jikinsa, domin kowane guda ana sake ɗinke shi sau ɗaruruwa.

A nan ne amsar tambayar farko take. Gero yana hawa tudu ne da makamashin hasken rana, dabba da mutum kuma da makamashin da gero ya adana. Tsarin da mai rai ya gina a jikinsa bai kai warwatsuwar da ya jawo a kewayensa ba, don haka jimla ba ta saɓa wa doka ta biyu.

4.0 TAFARKIN FASA SUKARI

Tafarkin da aka fi sani shi ne na fasa sukari, wanda aka kammala gano matakansa wajen 1940, kuma ake jingina shi ga Embden da Meyerhof da Parnas. Matakai goma ne, ana raba gulukos gida biyu ya zama sinadarin fairubet. Ana zuba jarin ATP biyu a farko, a karɓi huɗu a ƙarshe, riba biyu ke nan. Ba ya buƙatar oksijin. Shi ne farkon aikin yistin da ke kumbura burodi, shi ne yawancin bakteriyar da ke tsamar da nono suke bi, shi ne kuma mafakar tsokar ɗan kokawa idan numfashi ya gaza.

Idan aka auna ΔG na matakan nan a cikin ƙwaya mai rai, sai a ga bakwai suna dab da sifiri, uku kuwa gangara ce mai zurfi, wato na farko da na uku da na goma. Mataki na huɗu, inda ake raba sukarin, tudu ne na kusan +24 a ma'aunin littafi, amma yana tafiya saboda matakan da ke gaba suna kwashe abin da ya haifar kafin ya taru. Matakan nan uku masu zurfi su ne ƙofofin da ƙwaya take buɗewa ko rufewa gwargwadon buƙatarta.

Idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba, hanta takan gina gulukos daga fairubet, wato ta bi tafarkin da baya. A matakai bakwai ɗin nan enzayim ɗin da suka sauko da ita su za su mayar da ita. Amma a wurare ukun nan tilas ta yi zagaye da wasu enzayim na daban, ta kuma kashe ATP da makamancinsa har shida, alhali biyu kawai aka samu wajen saukowa. Ashe ke nan ko wuraren da tafarki ya yi rassa, lissafin makamashi ne ya tsayar da su.

5.0 YADDA TAFARKUNA SUKA SAMU

Tafarki mai matakai goma yana ta da tambaya: ina amfanin mataki na uku idan na huɗu bai samu ba tukuna? Masana sun kawo ra'ayoyi uku. A 1945 Norman Horowitz ya ce da baya aka gina tafarki. A ganinsa, halittun farko sun tarar da abin da suke buƙata a muhallinsu, da ya ƙare sai wadda ta iya yin sa daga mafi kusancin sinadari ta tsira, da shi ma ya ƙare sai aka ƙara wani mataki a baya. A 1957 Sam Granick ya ce gaba aka yi ta ƙari, domin kowane abin da aka haifar a tsakiya ya taɓa zama mai amfani a karan kansa. Ra'ayi na uku, na Ycas a 1974 da Jensen a 1976, shi ne na faci. Sun ce enzayim na farko ba su da tsantseni, kowane yana taɓa ayyuka da dama, saboda haka sabon tafarki da aron tsofaffin enzayim ake harhaɗa shi. Nazarin ƙwayoyin gado ya fi ƙarfafa wannan ra'ayi na uku, ko da yake bai kore sauran biyun a wasu wurare ba.

An ga irin wannan aro da ido. A 1988 Richard Lenski ya fara kiwon bakteriyar E. coli a kwalabe 12 a Amurka. A cikin abincinsu akwai sitiret, tsamin da ke cikin lemo, wanda wannan bakteriya ba ta iya ci idan akwai oksijin. Bayan zuriya fiye da 31,000, sai mazauna kwalba ɗaya suka fara cin sa, aka kuma ba da rahoton haka a 2008. Bincike ya nuna cewa wata tsohuwar ƙwayar gado mai shigar da sitiret ce aka kwafa, kwafin ya faɗa inda ake kunna shi ko da oksijin. Gangarar tana nan tun ranar farko, turba ce kawai ba a samu ba.

5.1 Wane Tafarki ne ya Fara?

Oparin na Rasha a 1924 da Haldane na Ingila a 1929 sun ɗauka cewa rayuwa ta faro ne a cikin ruwan da sinadarai suka taru kamar romo. Gwajin Stanley Miller na 1953 ya nuna cewa tubalan furotin suna iya samuwa daga iska da tartsatsin lantarki. Sai dai ma'aunin Gibbs ya nuna raunin wannan ra'ayi, domin romon da ke zaune wuri ɗaya daidaito yake dosa, rayuwa kuwa tana buƙatar gangarar da ba ta yankewa.

Wannan ya sa wasu masana, irin su Michael Russell da William Martin, suka mai da hankali ga maɓuɓɓugan ɗumi na ƙarƙashin teku, inda ruwa ke cuɗanya da dutse yana fitar da iskar haidurojin ba dare ba rana. An gano irin wannan wuri a Tekun Atlantika a shekarar 2000. Haɗuwar haidurojin da kabon-dayoksaid gangara ce. Idan suka ba da iskar misen, ΔG yana kusan −131. Akwai halittu masu ƙwaya ɗaya da har yau da wannan suke rayuwa, cikinsu har da waɗanda ke tumbin shanu da raƙuma, su ne masu samar da misen ɗin da saniya ke gyatsawa. Tafarkin da irin waɗannan halittu suke kama kabon da shi, wanda ake jingina wa Wood da Ljungdahl, ya bambanta da sauran tafarkunan kama kabon, domin su cin ATP suke yi, shi kuwa yana iya gina jiki ya kuma bar riba.

Hujjoji biyu sun ƙara wa wannan ra'ayi nauyi. A 2016 Martin da abokan aikinsa a Jamus suka ware dangogin furotin 355 da suke ganin kakan halittun yau ya mallaka, suka tarar suna nuni ga halitta mai ƙin oksijin, mai rayuwa da haidurojin ta wannan tafarki. A 2020 kuma aka nuna cewa wasu ma'adinai masu ƙarfe da nikel suna haɗa haidurojin da kabon-dayoksaid su ba da asetet da fairubet ba tare da enzayim ba. Abin lura shi ne, a tsakiyar enzayim ɗin wannan tafarki ma ƙarfe da nikel da farar wuta ake samu. Har yanzu masana suna muhawara a kan wurin da rayuwa ta faro, amma sakamakon nan ya nuna cewa wasu sauye-sauyen sun girmi enzayim ɗin da ke gudanar da su.

Kewayen Krebs, wanda Hans Krebs ya bayyana a Ingila a 1937, shi ma shaida ne. A jikinmu yana ƙona ragowar sukari ya fitar da kabon-dayoksaid. A 1966 aka gano bakteriyar da ke juya shi da baya tana kama kabon. A 2018 aka ga wasu suna yin haka da enzayim ɗin da a da ake zaton ba ya komawa baya, a 2021 kuma aka nuna cewa yawan kabon-dayoksaid ne ke tura shi. Turba ɗaya ce, muhalli ne ke zaɓar alƙibla.

5.2 Zuwan Oksijin

Kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce, oksijin ya fara taruwa a sararin duniya, sakamakon aikin wasu bakteriya masu fasa ruwa da hasken rana. Wannan ya buɗe gangara mafi zurfi. Ruɓar da gulukos zuwa tsamin nono yana sakin kimanin −196 ne kawai, ƙasa da kashi 7 cikin ɗari na abin da ƙonawa da oksijin ke bayarwa. Peter Mitchell ya bayyana a 1961 yadda ake cin moriyar wannan gangara: ana amfani da ita a tura furoton zuwa bayan wani tantani, kamar tara ruwa a bayan madatsa, dawowarsu kuma ita ke juya enzayim mai ƙera ATP. An ba shi kyautar Nobel a 1978. Duk da haka ba a yar da tsohon tafarkin fasa sukari ba, a kansa aka ɗora sabon gini.

6.0 TSAKANIN RIBA DA SAURI

Mai karatu zai iya zaton tafarkin da ya fi ba da ATP shi zai kori saura. Ba haka abin yake ba. A 1952 Entner da Doudoroff sun gano wani tafarkin fasa sukari mai ribar ATP ɗaya tak, kuma bakteriya da yawa shi suke bi. A 2013 wasu masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka ba da dalili. Duk matakin da ya kusanci daidaito tafiyar hawainiya yake yi, sai an zuba masa enzayim mai yawa, shi kuwa enzayim tsada gare shi. Tafarkin da ya haƙura da ATP ɗaya ya fi gangara, don haka furotin kaɗan yake ci. Sun lura cewa halittun da ruɓarwa ce kaɗai abincinsu sun fi riƙe tafarki mai riba biyu, masu samun ATP ta oksijin kuwa sun fi karkata ga mai arha. Lissafin ɗan kasuwa ne, wani ya ci riba mai kauri a ciniki kaɗan, wani ya ci kaɗan kaya su yi ta fita.

Wannan ilimi yana da amfani a aikace. A ramin da ake sarrafa kashin shanu domin samun gas na girki, akwai bakteriyar da ke fasa wani tsami mai suna furofiyonet tana fitar da haidurojin. Aikin nan tudu ne na kimanin +76 a ma'aunin littafi, ba ya tafiya sai masu yin misen suna kwashe haidurojin nan take. Idan aka cika wa ramin kaya fiye da ƙima, haidurojin ya taru, sai gangara ta koma tudu, tsami ya yi yawa, gas ya ɗauke. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, a nan kuwa dalilin tsamin ana iya lissafa shi da alƙalami.

7.0 KAMMALAWA

Maƙalar nan ta nuna cewa sakakken makamashi shi ke tsayar da alƙiblar kowane sauyi, enzayim kuwa saurinsa kawai yake iko da shi. Daga nan aka ga dalilin da ya sa ƙwayar halitta take ɗaure tudu da gangara ta hanyar ATP, da dalilin da ya sa hanyar gina sukari ta rabu da ta fasa shi a wurare uku, da kuma abin da ya sa ake kyautata zaton tafarkin haidurojin da kabon-dayoksaid yana cikin mafiya tsufa. Ƙwayoyin gado suna sauyawa, muhalli ma yana sauyawa, amma dokar da Gibbs ya rubuta ita ce dai take aiki a tumbin saniya da ƙwaryar nono da ƙarƙashin teku. Saboda haka duk mai son ya fahimci wani tafarki, ko ya sa bakteriya wani sabon aiki, tambayar da zai fara yi ita ce: ina gangarar take, kuma nawa ne zurfinta?